Dama ko hagu: ƙa'idar da ba mu faɗa wa yara, sannan mu ce ba su da kai

Akwai wani irin kuskure da yara ke yi a aji wanda ba daga ƙwaƙwalwarsu yake fitowa ba. Daga shirun malami yake fitowa, domin akwai wata ƴar magana da ya kamata a faɗa musu tun ranar farko amma ba a faɗa ba: ta ina ake farawa, kuma wa ya ce a fara ta nan? Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin CP ko CE1 ya san yaron da za a ba shi 47 ya tara da 35, ya jera su daidai ɗaya bisa ɗaya, ya ja layi, sannan ya rubuto 712. Sai a ja masa jan biro a wuce. Amma a duba da kyau. 4 da 3 bakwai ne, ya rubuta 7. 7 da 5 sha biyu ne, ya rubuta 12. Babu inda lissafinsa ya karye. Abin da ya yi kawai shi ne ya fara ta hagu, kamar yadda aka shekara ana koya masa a karatun boko, alhali tarawa a tsaye ta dama ake fara ta, a rubuta 2 a riƙe 1, a samu 82. Ran da ya isa rabawa kuma sai a komar da shi hagu, ba tare da an ce masa yau hanya ta sake ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, tsohuwar matsalar nan ta allo da alli ta biyo mu har cikin kwamfuta, kuma a can ta fi iya ɓuya. Ina koyarwa a nan Tarka, cikin gundumar Belbeji da aka cire daga Tanut a 2011, kuma na san da yawa cikin masu karanta wannan za su ce ina mu ina kwamfuta. Zan zo kan wannan. A bari dai na fara bayyana abin da nake magana a kai.

Hanyar da aka fi sani ta ba kwamfuta umarni ita ce rubutu, layi bayan layi. Saboda masu koyo da kuma masu sana'o'in da ba rubutun umarni ne aikinsu ba, an ƙirƙiro hanyoyin da ake yi da zane. Wadda malamai suka fi jin sunanta ita ce Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda yaro ke ɗora umarni bisa umarni kamar tubali, na'ura kuma ta bi su daga sama zuwa ƙasa. Akwai kuma wani iri na daban, wanda shi ne batuna a yau: a zana akwatuna a kan fuskar na'ura, kowane akwati da aikinsa, wannan ya tara, wancan ya ɗebe, wancan ya ƙirga lokaci, sannan a haɗa su da igiyoyi. Lamba ta fito ta ƙasan wani akwati, ta bi igiya, ta shiga ta saman wani. Bayani na kwarara kamar ruwa a magudanar lambu. Wani Ba'amurke masanin lissafi da sauti, Miller Puckette, ya gina irin wannan manhaja a cibiyar binciken kiɗa ta IRCAM da ke birnin Paris a cikin shekarun 1980, aka sa mata suna Max don girmama Max Mathews, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara sa kwamfuta ta fitar da sauti. A 1996 ya sake fitar da wata mai kama da ita, Pure Data, wadda kyauta ce, ba ta da nauyi, tana tashi ko a kan tsohuwar na'urar da wasu suka yar. Ita ce nake da ita a kan tawa, kuma ita nake nuna wa yaran CM idan batir ya yarda.

Yara na son ta, domin suna ganin abin da suka gina da idonsu. A nan kuma tarkon yake. Zane na nuna maka wa ke haɗe da wa, amma ba ya nuna maka wa ya riga wa. Idan ka ga hoton lambu da magudana guda ta rabu biyu, ka san komi biyu za su sha ruwa, amma hoton ba zai gaya maka wanne mai lambu ya fara buɗe wa ba. Na'ura kuwa, a irin wannan aiki, abu ɗaya take yi a lokaci guda, dole wani ya riga wani. To wa ke yanke hukunci?

Waɗanda suka gina Max da Pure Data sun kafa ƙa'idoji biyu da ke tafiya tare. Ta farko ta shafi ƙofofin shiga, waɗanda ke saman akwati. A mafi yawan akwatuna, ƙofar da ke can hagu ita kaɗai ke tayar da aiki. Da lamba ta shiga ta nan, akwatin zai yi lissafinsa nan take ya fitar da amsa. Sauran ƙofofin na dama ajiya kawai suke yi: lamba ta shiga, ta kori wadda ke ciki, ta zauna shiru tana jira. A littattafansu suna kiran ta hagu mai zafi, na dama masu sanyi. Ƙa'ida ta biyu ta shafi ƙofofin fita, waɗanda ke ƙasan akwati: idan akwati na da mafita fiye da ɗaya, ta dama ce ke fara fitarwa, sannan mai bi mata, ta hagu ita ce ta ƙarshe. Kuma idan mafita ɗaya ta saki abin da ke cikinta, sai ya gangara ya gama duk aikin da ke ƙarƙashinsa kafin a buɗe ta gaba.

Wanda ya tashi da karatun boko zai ga wannan kamar an juya masa duniya, amma akwai hikima a ciki. Tunda ƙofar hagu ce mai tayar da aiki, ita ya kamata a taɓa a ƙarshe, bayan an gama ajiye duk abin da ake buƙata a na dama. Yarinyar da aka aika niƙa ta san wannan: ana tara roba a bakin inji kafin a zuba gero. Makiyayi a bakin rijiya ya san wannan: ana gyara komi kafin a juye wasaki. Idan mafita na fitarwa daga dama zuwa hagu, to za ka iya saukar da igiyoyinka miƙe, ta dama zuwa ƙofar dama, ta hagu zuwa ƙofar hagu, babu wadda ta gitta wata, kuma komai ya zo a kan lokacinsa. Ƙa'idojin biyu an ɗinka su ne su shige juna.

Yanzu ga inda yaro ke faɗawa rami. A ce yana son na'ura ta ninka masa lamba, wato ta tara lamba da kanta. Sai ya zana akwatin lamba a sama, akwatin tarawa a ƙasa, ya ja igiyoyi biyu daga mafita guda: ɗaya zuwa ƙofar hagu, ɗaya zuwa ƙofar dama. Tunaninsa daidai ne, ko ni haka zan zana a allo. Kuma tunda hannunsa ya saba da hagu, ta hagu zai fara ja. Ya rubuta 3, yana jiran 6, sai ya ga 3. Ya rubuta 5, yana jiran 10, sai ya ga 8. Ya rubuta 2, sai ya ga 7. Abokinsa na kusa da shi, wanda ya zana abu iri ɗaya sak, yana samun 6 da 10 da 4. Ka ajiye zanen biyu gefe da gefe, ko sufeto ka kira ba zai ga bambanci ba.

Abin da ya faru shi ne, a Pure Data idan igiyoyi biyu suka fito daga mafita ɗaya, wadda aka fara ɗaurawa ita ke fara ɗaukar saƙo. Yaron farko ya fara ɗaura ta hagu, don haka 5 ta isa ƙofar tayarwa alhali a ƙofar ajiya tsohuwar 3 ce ke zaune. Aka tara 5 da 3, aka fitar da 8, sannan daga baya sabuwar 5 ta iso ajiya ta zauna tana jiran zagaye na gaba, inda za ta haɗu da 2 ta ba da 7. Kullum amsa tana ɗauke da ragowar jiya. Abokin nasa kuwa ta dama ya fara ɗaurawa, ba don ya sani ba, sa'a ce kawai. Kuma ran da ya tsinke wannan igiyar ya sake ɗaura ta, ta koma bayan layi, sa'ar ta ƙare. A Max kuma wata doka ce daban: idan mafita ɗaya ta aika wa akwatuna da yawa, wanda ya fi kusa da gefen dama na fuskar na'ura shi ke fara samu. Wato yaro mai tsafta, wanda ya ja akwatinsa gefe don zanen ya yi kyau, na iya ɓata aikin da ke tafiya lafiya ba tare da ya taɓa igiya ko ɗaya ba.

Ku yi tunanin abin da wannan ke yi wa zuciyar yaro ɗan shekara 11. Ya bi umarni, ya kwafi zanen malam daidai, amsarsa ta fito karkace, ta abokinsa ta fito daidai. Abu biyu zai ɗauka: ko dai shi ne ba shi da kai, ko kuma na'urar nan tana da aljanu. Duka biyun asara ce, kuma na farkon ya fi muni, domin yaron da ya yarda ba shi da kai ba ya sake ɗaga hannu. Idan yarinya ce, a wuraren da dama ana neman dalilin cire ta daga lakwal, to an samu dalili.

Maganin abin yana nan cikin manhajar kanta. Akwai akwatin da ba shi da wani aiki sai jerantawa. Sunansa trigger, wato kunamar bindiga, ana kuma rubuta shi a taƙaice da harafin t. Ka ba shi saƙo ɗaya, ya fitar da shi ta mafita biyu ko uku ko fiye, daga dama zuwa hagu, kullum, ko wace igiya aka fara ɗaurawa, ko ina aka ja akwatin. Idan yaro ya sa shi a tsakanin lambarsa da akwatin tarawa, mafitar dama zuwa ƙofar dama, mafitar hagu zuwa ƙofar hagu, to jerin da ke ɓoye ya fito fili, kowa na iya karanta shi a zanen. Ra'ayina shi ne wannan akwati ba darasi na goma ba ne, na ranar farko ne, kafin ma a koya wa yaro yadda zai sa na'ura ta yi ƙara. Dokar da nake kafa wa nawa ɗalibai gajeriya ce: mafita ɗaya, igiya ɗaya. Mai son igiya ta biyu ya sa akwatin jeri, ko kuma ya tashi ya gamsar da aji cewa a wannan wurin ko wa ya riga wa amsa ba za ta canza ba. Sau da yawa a wannan gardamar ce ake yin karatun gaske.

Ba zan wanke masu ƙera manhaja tas ba. Jerin da ba ya bayyana a zane aibi ne ga mai koyo, ko da ƙwararru sun saba da shi har sun daina gani. Kuma tarihi ya nuna ana iya sauke wa mutane wannan nauyi. Mu malamai da ke lissafin makin ɗalibai a Excel ba mu taɓa damuwa da wane gida za a fara lissafawa ba, amma ba haka aka fara ba. VisiCalc, kakan waɗannan manhajoji, wanda ya fito a 1979, yana bin gidaje ne a jere, sahu bayan sahu. Idan gidan da ke gaba a layi ya dogara da wanda ba a iso ba tukuna, sai ya nuna tsohuwar amsa har sai an sa shi ya sake lissafi. Cutar 8 ɗin nan ce dai. Lotus 1-2-3 da ya fito a 1983 yana duba wa ya dogara da wa, ya jera aikin da kansa. Haka nan LabVIEW, wadda injiniyoyi ke amfani da ita tun 1986, ita ma akwatuna ce da igiyoyi, amma a can akwati ba ya motsi sai duk ƙofofinsa sun samu abin da suke jira. Babu mai zafi babu mai sanyi. Scratch ma da ake yaba wa da sauƙi tana da nata lungun: idan tarin umarni biyu duk suna jiran a danna koriyar tuta, babu abin da ke nuna wa yaro wanne zai fara, sai dai ya yi amfani da tubalin da ke aika saƙo ya jira a gama. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Shi ya sa abin da za mu dasa wa yaro ba “dama ce farko” ba ne kawai, domin gobe zai shiga gidan da ba haka ake yi ba. Abin da za mu dasa masa shi ne ɗabi'ar tambaya: a wannan gidan, wa ke farawa, kuma a ina aka rubuta hakan?

A nan ne nake ganin yaranmu na Damargu suna da wani jari da ba mu lissafa musu ba. Yaron da ya fito daga gida da asuba ya wanke allonsa ya rubuta daga dama zuwa hagu, da hantsi kuma ya zauna a lakwal ya rubuta daga hagu zuwa dama, hannu ɗaya, rana ɗaya. Shi ba sai an yi masa dogon bayani ba cewa alƙibilar rubutu yarjejeniya ce ta mutane. A yatsunsa ya san haka. Idan ɗan Abzinawa ne wanda kakarsa ke zana Tifinag a kan rairayi, ya ma fi mu sani, domin wannan rubutu a gargajiyance ba shi da alƙibla guda: ana yin sa daga dama, ana yin sa daga hagu, ana yin sa daga ƙasa zuwa sama, kuma mai karatu na gane inda aka dosa ne daga inda wasu haruffa suka fuskanta. Wato marubuci na barin alama a cikin rubutun kansa, daidai aikin da akwatin jeri ke yi. Kuma fara abu ta dama ba baƙo ba ne a gidajenmu: ta dama ake fara sa takalmi, ta dama ake fara miƙa ƙoƙon fura a zaure. Littattafan fiƙihun da yara ke karantawa a gaban malaman zaure sun ɗauki jeranta gaɓɓai a alwala a matsayin abin da ake ambata da sunansa a koyar da shi. Ba su bar shi yaro ya tsinta da kansa ba.

Ko ƙirga da muke yi cike take da irin wannan. Ashirin da talatin da arba'in daga Larabci muka aro su, amma Balarabe idan zai ce 25 biyar ɗin yake fara faɗa sannan ashirin, mu kuwa muka juya muka ce ashirin da biyar. Bafaranshe idan zai ce 97 sai ya ce ashirin huɗu da goma da bakwai, shi ya sa a shifta za ka ga yaro ya rubuta 4 da 20 da 17 a jere, kuma abin da kunnensa ya ji ne ya rubuta. Uwa a kasuwar Belbeji ta ce dala ashirin, ɗanta a kaye ya rubuta 100, ta ce jika, ya rubuta 1000, babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Ita kuma idan za ta tara kuɗin tiya uku na gero da na mai, manyan take fara haɗawa sannan ƙanana, wato ta hagu, saɓanin abin da muke tilasta wa ɗanta a allo, kuma ba a cin ta ko tamma. Yaranmu na yawo tsakanin tsari uku ko huɗu kowace rana. Abin takaicin shi ne mun saba ɗaukar wannan a matsayin cikas, mu ce karatun allo ne ke rikita su, maimakon mu ɗauke shi tsani. Ni idan na ce wa aji akwatin nan kamar allonku yake, ta dama yake farawa, ba na buƙatar maimaitawa.

To, ga masu cewa ina mu ina kwamfuta. Suna da gaskiya mai yawa. Akwai azuzuwan kara da ake sake kafawa bayan kowace kaka, akwai yaran da ke zaune a ƙasa, akwai ƴaƴan makiyaya da ke ɓacewa daga rajista idan rijiya ta ja baya, akwai ƙauyukan da cajin salula ma sai an kai wa mai faranti mai aiki da hasken rana an biya. Wanda ya ce a fara da rufi da tebur da littafi ba zan yi jayayya da shi ba. Amma abin da nake kira a koyar ba ya cin kuran. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ran da wata ƙungiya ko gwamnati ta sauke na'urori a makarantunmu, abin da aka saba gani shi ne horo na ƴan kwanaki, a nuna wa malami inda zai danna, a tafi. Malamin da bai taɓa tunanin jeri ba zai tsaya gaban 8 ɗin nan ya rasa ta cewa, kuma mun san abin da malami kan yi idan ya rasa ta cewa a gaban yara.

Ga yadda nake yi a fili, ƙarƙashin inuwa, da igiyar ɗaure akuya da ƴaƴan aduwa. Yaro ɗaya shi ne akwatin tarawa. Ya tsaya ya juya wa aji baya. Wannan juyawar tana da muhimmanci, domin idan ya fuskanci aji, damansa ta zama hagunsu, sai ka ƙara rikici a kan rikici. Dama da hagu da ake nufi na mai kallon fuskar na'ura ne. Dokarsa biyu ce. Idan aka zuba masa aduwa a hannun dama, ya zubar da na da, ya riƙe sababbi, ya yi shiru. Idan aka zuba masa a hannun hagu, ya haɗa da abin da ke damansa a wannan lokacin ya faɗi jimla da ƙarfi. Wata yarinya ita ce ƴar aike, aji ya ba ta lamba, ta kai wa hannuwan biyu. Zagayen farko na ce ta fara da hagu: aji ya ce 3, 5, 2, ya ji 3, 8, 7, sai dariya da ihu, wasu na cewa akwatin ya lalace. Zagaye na biyu ta fara da dama: 6, 10, 4. Sai na tambaye su me ya canza, tunda yaro ɗaya ne, igiyoyin na nan inda suke, aduwar ita ce. Ba a daɗewa wani zai ce ai tafiyarta ce ta canza. Daga nan sai na ce to ku zana mini wannan a ardwaz yadda wanda bai zo yau ba zai gane wa ya riga wa. Wasu su sa 1 da 2 a kan igiyoyi, wasu su zana kibiya, wasu su ƙara mutum na uku a tsakiya mai ba da izini. Wannan na ukun shi ne akwatin da Puckette ya sa a manhajarsa, sun ƙirƙiro shi da kansu.

Akwai kuma abokan aiki da ke cewa a bar yara su gano da kansu, haka sabon salon koyarwa ya ce. Na yarda da rabin maganar, shi ya sa nake barin su su ga 8 ɗin da idonsu kafin na buɗe baki. Cewa jeri na canza amsa abu ne da yaro zai iya ganowa, domin dalilinsa na cikin lissafin. Amma cewa dama ce farko ba abin ganowa ba ne, shawara ce da wasu mutane suka yanke a Paris, da sun so da sun yanke akasinta. Irin wannan faɗa ake yi. Lokacin da Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama a watan Afrilun 1972, ta yi daidai da mu da sauran maƙwabtanta, ba a ce a bar direbobi su gano da kansu ba. Shela aka yi ta yi tun kafin ranar. Rabe abin da ake ganowa da abin da ake faɗa yana cikin manyan ayyukan malami, kuma ba a kwamfuta kaɗai ba. A ɗebewa ma haka yake: a akwatin ɗebewa na Pure Data, lambar ƙofar dama ake cirewa daga ta ƙofar hagu, kamar yadda muke rubuta 10 a ɗebe 3, amma wajen shigarwa 3 ce za ta fara isa sannan 10. Jerin wuri daban, jerin lokaci daban. Yaron da aka taɓa nuna wa wannan bambanci sau ɗaya a fili, idan ya koma kan 47 da 35 zai gane cewa inda ake fara karantawa ba lallai ne nan ake fara aiki ba.

Ku kuma iyaye, ba sai kun san Pure Data ba. Idan yaro ya kawo kaye da jan biro, kafin a kai ga faɗa ku ce ya nuna muku da yatsa ta inda ya fara da inda ya bi. Ko ba ku yi boko ba za ku ji ko tafiyarsa na da ma'ana, domin ku ne kuka koya masa a jiƙa ƙasa kafin a kwaɓa, a sheƙe kafin a surfa. Sau da yawa za ku tarar kansa lafiya lau, hanya ce aka sake masa ba a gaya masa ba, kuma kuna da ikon ku zo ku tambayi mushe ko madam dalili, ko ku tada maganar a taron kwamitin makaranta.

Saura batun suna, wanda nake son mu tattauna a taronmu na CAPED. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka ko ba daɗe ko ba jima waɗannan abubuwa za su buƙaci sunaye a bakinmu. Idan muka bari aka fassara kalma da kalma, za mu samu ƙofa mai zafi da ƙofa mai sanyi, waɗanda ba sa gaya wa yaro komai. A nan zafi da sanyi na rana ne da hunturu. Ni ƙofar tayarwa da ƙofar ajiya nake cewa, domin sunan da kansa ya faɗi aikin, kuma ya faɗi wadda ya kamata ta riga: ana ajiya kafin a tayar. Kunama fassara ce daidai, amma a Damargu ka ce wa yara su sa kunama a tsakiya ka ga yadda aji zai watse, don haka mai jeri nake kiran sa. Akwai wani akwati da ke raba lambobi gida biyu, ƙanana su fita ta hagu manya ta dama, wanda maginan suka sa wa sunan Annabi Musa, alaihis salam, saboda rabuwar teku. Shi mai rabo ya ishe shi. Sai kuma saƙon nan da ba ya ɗauke da lamba ko kalma, aikinsa kawai ya ce wa akwati yi yanzu, wanda suke kira bang. Wani abokin aikina tafi yake ce masa, saboda da tafi muke tayar da yara a wasan fili. Ni ƙwanƙwasa na fi so, tunda ƙofa ake yi wa ita, kuma yaro ya san idan ka ƙwanƙwasa kafin a gama shimfiɗa tabarma, abin da ka tarar a ɗakin shi za ka zauna a kai.